Jami'a ko kwalejin fasaha: amsa ga ƙanwata mai son karatun jinya a Amurka

Assalamu alaikum ƙanwata. Na karanta saƙonki, inda kika ce kina shirin zuwa Amurka da bizar ɗalibai domin karatun aikin jinya, kuma an ba ki shawara cewa shiga jami'a ta shekara huɗu ɓarnar kuɗi ce, tunda kwalejin fasaha tana gamawa a shekara biyu kuma lasisin duka ɗaya ne. Wanda ya faɗa miki haka bai yi ƙarya ba, amma shawararsa ta fi dacewa da ɗan ƙasa ko mai katin zama na dindindin, ke kuwa halinki daban ne.

Gaskiya ne cewa wadda ta gama shekara biyu ta samu takardar da ake kira ADN, da wadda ta gama digirin BSN, jarrabawa ɗaya suke zama, wato NCLEX-RN, kuma duk wadda ta ci hukumar jinya ta jiharta za ta ba ta lasisin cikakkiyar nas. Sai dai shekara biyun nan ba kasafai take tsayawa a biyu ba. Kafin a karɓe ki cikin sashen jinya sai kin gama darussan share fage, irin su ilmin sassan jikin ɗan Adam da yadda suke aiki da ilmin ƙwayoyin cuta, a makarantu da yawa kuma sai kin ci jarrabawar neman shiga da ake kira TEAS, sannan ki yi takarar gurbi da mutane masu yawa, domin adadin ɗaliban da ake ɗauka ya dogara da yawan malamai da asibitocin da za su karɓe su koyon aiki. Wasu kwalejojin ma mazauna yankinsu suke fara dubawa. Ki kuma kula kada a sa ki cikin shirin LPN na kimanin shekara ɗaya, wato karatun ƙaramin matakin jinya, kina zaton shi ne ADN, domin jarrabawarsa daban ce, matsayinsa da albashinsa kuma suna ƙasa da na cikakkiyar nas.

Ni da kaina ta kwaleji na fara, kuma ban yi nadama ba. Amma na shigo ƙasar nan da katin zama na dindindin, saboda haka na biya kuɗin makaranta irin na mazauna jiha, na samu tallafin gwamnati, da na ci jarrabawa kuma na kama aiki, asibitin da nake ya taimaka mini da wani ɓangare na kuɗin digiri, na ƙarasa shi ta intanet ina aikin dare. Wannan ita ce hanyar da ake yaba miki, kuma kowane mataki nata yana da shinge ga mai bizar ɗalibai, wadda ake kira F-1. Kuɗin da za a caje ki na baƙi ne, wanda a makarantun gwamnati sau da yawa yakan ninka na mazauna jiha. Ba ki da haƙƙin tallafin karatu na gwamnatin tarayya. Aikin da aka halatta miki lokacin zangon karatu bai wuce awa 20 a mako ba, a cikin makaranta. Abin da ya fi waɗannan nauyi shi ne, dokar bizarki ba ta yarda a lissafa miki fiye da darasi ɗaya na intanet cikin cikakken nauyin karatun zango ba, don haka shirye-shiryen ƙarasa digiri ta intanet, waɗanda su ne masu sauƙin kuɗi, ba za su riƙe miki biza ba.

Bayan kammala karatu za a ba ki izinin aiki na wata 12 da ake kira OPT. A cikin wannan shekara ɗaya tak za ki ci NCLEX, ki karɓi lasisi, ki samu asibitin da zai ɗauke ki, kuma ya amince ya nema miki katin zama. Ma'aikatan jinya suna cikin sana'o'in da gwamnati ta sauƙaƙa wa wannan nema saboda ƙarancinsu, amma tun 2023 layin jira ya yi tsawo, har wata 12 na iya ƙarewa takardun ba su fito ba. A irin wannan tsere kowane abu da zai sa asibiti ya zaɓe ki yana da daraja, digiri kuwa yana kan gaba.

Dalilin haka yana da tarihi. A 2003 wata masaniyar ilmin jinya mai suna Linda Aiken da abokan aikinta suka wallafa bincike kan asibitocin jihar Pennsylvania, wanda ya nuna cewa idan masu digiri suka ƙaru da kashi 10 cikin ɗari a tsakanin nas-nas na asibiti, haɗarin mutuwar waɗanda aka yi wa tiyata yana raguwa da kimanin kashi 5. A 2010 Cibiyar Nazarin Likitanci ta ƙasar ta ba da shawarar cewa masu digiri su kai kashi 80 cikin ɗari zuwa 2020, a 2017 kuma jihar New York ta kafa dokar da ta wajabta wa sababbin nas samun digiri cikin shekara 10 da karɓar lasisi. Na yi aiki da 'yan kwaleji waɗanda ƙwarewarsu a gefen gadon majinyaci ta fi ta masu digiri da yawa, kuma ina faɗin haka da zuciya ɗaya, amma manyan asibitocin koyarwa takarda suke fara dubawa. Idan kuma wata rana kika so komawa Kanada, galibin lardunanta digiri suke buƙata, haka nan galibin karatun gaba, kamar na ba da maganin sa barci ko na ungozoma, sai da shi.

Shawarata gare ki ita ce ki sa digiri a matsayin abin da kika zo nema, sannan ki yi amfani da kwaleji wajen rage tsadarsa. Ki yi darussan share fage a kwalejin da ke da rubutacciyar yarjejeniya da wata jami'a, ki koma jami'ar ki yi shekara biyun ƙarshe. Idan kuwa ƙarfin iyayenmu bai kai nan ba, to ki yi ADN ɗin, amma ki shiga da sanin cewa OPT ana bayar da shi sau ɗaya a kowane matakin karatu, saboda haka za ki iya aikin wata 12 ki tara kuɗi, ki koma aji ido da ido ki yi digiri, ki sake samun wasu wata 12. Sauri kan haifi nawa, kuma na ga waɗanda suka zaɓi gajeriyar hanya ba tare da wannan lissafi ba suka koma gida da lasisin da ba su samu damar amfani da shi ba.

Kafin ki tura wa kowace makaranta ko dala ɗaya, ki tabbatar tana da izinin ba da takardar I-20, wadda da ita ake neman bizar ɗalibai, hukumar jinya ta jihar ta amince da shirinta, kuma ɗaya daga cikin hukumomin tantance karatun jinya, ACEN ko CCNE, ta tantance shi, domin in babu wannan tantancewa jami'o'i da yawa ba za su karɓi darussanki ba. Ki nemi yawan ɗalibanta da suke cin NCLEX a zama na farko, hukumomin jihohi suna wallafa shi. Ki kuma tambaye su a rubuce ko sashen jinya da kansa yana ɗaukar masu F-1, domin samun gurbi a makaranta bai zama samun gurbi a sashen ba. Ki turo mini sunayen makarantun da kike dubawa da amsoshin da suka ba ki, mu duba su tare. Ki gaishe mini da su Mama.