Wace Inshora Ya Halatta In Yi Wa Motata?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Allah ya hore min na sayi mota. Wajen yin takardu aka ce min inshora iri biyu ce: wadda doka ta wajabta, mai biyan wanda na yi wa ɓarna kaɗai, da kuma cikakkiya, mai ɗaukar gyaran motata da sata da gobara. Wacce zan yi? Allah ya ƙara wa Malam lafiya.

AMSA

Wa alaikumus salam. Allah ya sanya alheri a cikinta, ya tsare hanya.

Ɗan'uwa, hukuncin ya rataya ne a kan irin kamfanin da za ka je. Kamfanin inshora na kasuwanci, kana ba shi kuɗi sananne a kan abin da ba wanda ya san zai faru. Kana iya shekaru kana zubi ba ka karɓi komai ba, wani kuma ya zuba sau ɗaya ya kwashi ninkin-ba-ninkin. Wannan shi ne garari, kuma Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi (SAW) ya hana cinikin garari. Ga kuma musayar kuɗi da kuɗi da ƙari da jinkiri, wadda ƙofar riba ce. A kan haka majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, wato ƙungiyar Musulmi ta duniya, a Makka ta haramta irin wannan inshora a 1398 Hijira, duk da Sheikh Mustafa Az-Zarƙa ya saɓa musu ya ga halaccinta. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi da ke Jidda ita ma ta haramta a 1985. Maganar jamhuru, wato mafi yawan malamai, ita ce na fi natsuwa da ita.

Saboda haka in irin wannan kamfanin kaɗai ka samu, ka tsaya a kan wadda hukuma ta tilasta, babu laifi a kanka. Lalura gwargwadonta ake ɗauka, cikakkiyar kuwa ba wanda ya tilasta maka ita, sai dai in motar ta bashi ce kuma masu ba da ita sun shardanta, babu wata mafita.

In kuwa akwai takaful, wato inshorar Musulunci, a inda kake, to ƙofa a buɗe take. A can kuɗin da ake zubawa kyauta ce cikin asusun taimakon juna, kamfani wakili ne mai kula da shi. Annabi (SAW) ya yabi ƙabilar Ash'ariyawa da suke haɗa guzurinsu su raba daidai idan abinci ya yi ƙaranci. Tun 1979 aka buɗe irin wannan kamfani a Sudan, yanzu ya yaɗu.

A nan ne nake so ka yi tunani sosai. Mutane sun fi damuwa da motarsu, alhali asararta tana da iyaka, ba ta wuce kuɗinta. Haƙƙin mutane shi ne abin tsoro. Diyyar rai raƙuma 100 ce, banda ta gaɓoɓi da kuɗin jinya. A da dangin uba ne ke ɗaukar diyyar kisan kuskure, yau kuwa direbobi nawa ne ke da dangin da za su iya? Sai a bar marayu da "sai haƙuri". Don haka ka fara tambayar iyakar abin da za a biya wanda ka ji wa rauni, ka ɗaga ta iya ƙarfinka. Bayan nan ka duba motar: in da ita kake neman abincin iyalinka kuma ba ka da halin sake wata, yi mata cikakkiya. In tsohuwa ce da za ka iya gyarawa daga aljihunka, ba dole.

Kada ka ƙara wa motar kima a takarda, kada ka yi ƙarya ranar neman biya. Kuma in aka rasa rai ta dalilin sakacinka, biyan kamfani ba ya sauke maka kaffarar azumin wata biyu a jere, kamar yadda ya zo a Suratun Nisa'i, aya ta 92.

Wallahu a'alam.