Me 'yan sa-kai za su iya yi wa gidan tarihi?

Malam, ka tambaya ko ƙungiyar sa-kai tana da abin yi a gidan tarihi, tunda gwamnati ce ke riƙe da shi. Tana da shi, har ya yi yawa.

Ɗauki Gidan Makama na Kano, wanda ake danganta ginin sa da zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa, wadda aka kafa a 1979, ita ce mai gidan. Amma ginin ƙasa ne, kuma duk wanda ya zauna a gidan ƙasa ya san halin damina: bango sai yaɓe, indararo kuma sai gyara. Kafin kuɗin gyara su fito daga ofis, ruwa ya yi ɓarna. A nan masu sa-kai ke shigowa, su yi karo-karo, su nemo maginan gargajiya.

Abin da na fi so kuwa shi ne rakiyar ɗaliban makaranta. Yaro ya ga tsohon ƙyauren ƙofar ganuwa, sai ya wuce. Amma dattijo ya tsaya ya ba shi labarin shigar Turawa Kano a 1903, ba zai manta ba. Haka masu iya karanta ajami, suna da amfani ƙwarai wajen tsofaffin takardu.

Sharaɗi ɗaya: ku fara ganin shugaban gidan, ku sami izini a rubuce. Kada kowa ya taɓa kayan tarihi ko ya goge su da kansa, aikin ƙwararru ne.