Mai gemun nan na benci, Mile Jedinak ne

Ɗan'uwa, ka tambaya ko mai gemun nan da aka riƙa gani kusa da koci Postecoglou a Tottenham ya taɓa taka leda. Ƙwarai kuwa! Mile Jedinak ke nan, haifaffen Sydney a 1984, tsohon kyaftin ɗin Ostireliya.

Bai yi suna da wuri ba. Daga ƙungiyar Central Coast Mariners ta Ostireliya sai da ya bi ta Turkiyya, kafin Crystal Palace ta ɗauke shi a 2011. Shi ya ja ragamarta ta hau Firimiya a 2013, bayan doke Watford da ci ɗaya a Wembley. Daga baya ya koma Aston Villa.

Ɗan tsakiya ne mai tare gida, ba mai yanka da kwalliya ba. Aikinsa ƙwace ƙwallo, tsalle da kai, da tsawata wa 'yan baya. Amma ni abin da ya fi burge ni shi ne sanyin zuciyarsa a bugun fanareti. Ka tuna wasan Ostireliya da Honduras a 2017, wanda zai kai su gasar cin kofin duniya a Rasha? Filin Sydney ya cika maƙil, kowa zuciya a wuya. Shi kuwa ya ajiye ƙwallo, ya ja da baya a natse, ya zura. Ƙwallo uku ya ci a daren, biyu na fanareti. A Rashan ma ya zura wa Faransa da Denmark ƙwallo ɗai-ɗai a bugun fanareti.

Shi ne kuma ya ɗaga kofin Asiya a 2015, a gaban 'yan ƙasarsa.