Jini ya zuba min a ƙwaƙwalwa, kwana 19 ban yi sallah ba, sai na rama duka?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni direban tasi ne a Kumasi, a Aboabo nake zaune, shekarata 54. Wata huɗu da suka wuce na yanke jiki na faɗi a tasha aka kwashe ni zuwa asibitin Komfo Anokye, da suka ɗauki hoton kaina suka ce jijiya ce ta fashe jini ya zuba a ƙwaƙwalwa saboda hawan jini. Kwana 19 na yi a can. Satin farko ban san inda kaina yake ba, daga baya na farfaɗo amma akwai robar fitsari a jikina kuma hannu da ƙafar hagu basa motsi, shi yasa ban yi sallah ba har aka sallamo ni. Yanzu alhamdulillah ina takawa da sanda. Wani a masallacinmu yace sai na rama duka salloli 95 ɗin, wani kuma yace babu komai a kaina tunda bani da lafiya. Wanne zan bi? Kuma ina son komawa tuƙi don gida babu kuɗi.

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Sannu ɗan'uwa, Allah ya ƙara sauƙi yasa kaffara ne.

Duka biyun basu saurari labarinka da kyau ba. Sun riƙe kwana 19, alhali kai da bakinka ka raba kwanakin gida biyu, akwai waɗanda baka san inda kake ba, akwai waɗanda ka farfaɗo amma ka bar sallah saboda roba da mutuwar ɓarin jiki. Hukuncinsu ba ɗaya bane.

Kwanakin suma babu ramuwa a kanka. Wannan shine mazhabar Malikiyya da muka tashi a kanta a Zango, haka ma Shafi'iyya, kuma yana nan a Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, ƙarara cewa wanda ya suma baya rama abin da lokacinsa ya fita yana cikin suman. Hanafiyya ma sunce idan suman ya wuce salloli biyar babu ramuwa, to kai sati guda kayi. Ko da likitoci ne suka ƙara maka maganin barci a ɗakin masu jin jiki sosai hukuncin bai canza ba, ba kai ka zaɓa ba, ba a ma tambaye ka ba.

Wanda yace ka rama duka ba daga kansa ya ƙirƙiro ba, maganar Hanbaliyya ce, kuma ina ganin ta yaɗu tsakanin samarinmu yanzu saboda karatuttukan da suke saurara a waya, suna faɗarta kamar babu wata magana bayanta. Hujjarsu itace kamanta mai suma da mai barci, tunda mai barci yana ramawa idan ya farka. To amma mai barci idan ka girgiza shi ko ladan ya ɗaga murya zai tashi, hankalinsa na nan, kai kuwa sati guda ana kiran sunanka ana tsira maka allura baka motsa ba, ta ina kuka zama ɗaya? Barci kullum ne kuma gajere, ramuwarsa sallah ɗaya ce ko biyu, suma kuwa tana iya kai wata, kuma tana zuwa ne wa mutumin da zai tashi da rauni, ɗora masa salloli ɗari ko ɗari biyu ƙunci ne irin wanda shari'a ta ɗauke wa mai haila. Suna kawo labarin Ammar ɗan Yasir cewa ya suma ya rama, malaman hadisi sunyi magana a kan ingancinsa, kuma ko ya tabbata aikin sahabi ne da zai iya zama don neman lada yayi. A gefe guda ga Abdullahi ɗan Umar a Muwaɗɗa, Malik daga Nafi'u, ya suma hankalinsa ya gushe kuma bai rama ba, kuma kowa yasan tsananin Ibn Umar wajen bin sunna, da wajibi ne ba shi zai bari ba. Wasu suna cewa ai azumi ana ramawa idan an suma, me zai hana sallah. Mai haila ma tana rama azumi bata rama sallah, don haka wannan bai zama hujja ba. Wanda ya rama don kansa bamu ce yayi laifi ba, amma a tilasta wa mai sanda a hannu, a'a.

Inda na biyun ya kuskure shine kwanakin da ka dawo hayyacinka. Rashin lafiya yana canza yadda ake sallah ne, baya sauke ta muddin akwai hankali. Robar fitsari hukuncin mai yoyon fitsari take ɗauka, najasar da baka da ikon gusarwa an yafe, idan ruwa ya gagara a kawo maka dutse kayi taimama ko wani ya kama maka, kayi sallah a kwance da nuni. Baka sani ba, Allah ya yafe, amma waɗannan sai ka rama.

Sai dai kar ka fara lissafi daga ranar da ka buɗe ido. Masu wannan ciwon da yawa suna buɗe ido suyi kwanaki basa gane mutane, suna kiran matarsu da sunan uwarsu, basu san dare ko rana ba, waɗannan kwanakin suna tare da na suma. Ka zauna da maiɗakinka ko wanda yayi jinyarka ka tambaye su yaushe ka fara gane su kana ba da amsa daidai. Misali idan sunce sai a kwana na 11, to kwana 9 ne a kanka, salloli 45 kenan. Ranar farkon ma a duba, idan hankalin ya dawo kafin faɗuwar rana da abin da zai isa tsarki da raka'a biyar, azahar da la'asar na ranar sun hau kanka. Idan kunyi kokwanto ka ƙara kwana ɗaya ka huta. Ka rama su a jere gwargwadon ƙarfinka, a zaune in tsayuwa na baka jiri, kuma ka tambayi likita maganar sujada kafin ka fara kai goshi ƙasa, in yace a dakata nuni ya isar.

Tuƙi kuwa ban halatta maka ba sai likitan da ke duba ka ya sa hannu. Wanda jini ya zuba masa a ƙwaƙwalwa yana iya samun farfaɗiya ko bayan watanni, wani kuma ɓangaren ganinsa na hagu yake raguwa shi kansa bai lura ba, kaga mutum huɗu a bayanka a cunkoson kasuwar Kejetia, ga 'yan pragya, wato masu babur mai ƙafa uku, suna kutsowa ta ko'ina, rayukan nan amana ne. Ka ba wani amintacce motar ya riƙa kawo maka balas, kuma karɓar zakka a halin da kake ciki ba abin kunya bane, ka faɗa wa limaminku.

Baka tambaya ba amma zan faɗa, don nasan Zango. Za a zo maka da maganar jifa ne ko shafar aljanu, har a nuna maka wani abokin aiki a tasha ko wata a dangi. Hoton kai ya nuna jini, awo ya nuna hawan jini, kar ka ɗauki alhakin kowa. Ayi addu'a ayi tofi, wannan sunna ce, amma ƙwayar hawan jini kullum ce ko kana jin garau, barinta na daga manyan abubuwan da ke dawo da ciwon. Masu tallan maganin shanyewar jiki a cikin mota da rediyo ka rabu da su, haka asfirin da maganin ciwon jiki na kemis kar ka sha sai dokta ya sani, wasunsu suna tsinka jini, ciwonka kuwa zubar jini ne. A rage gishiri da magi da kifin gishiri irin su koobi da momoni a miya. Gashi da motsa jikin da suka rubuta maka kar ka yi wasa da shi, watannin farkon nan ne jiki yafi karɓa. Azumi in ya zo likita za a tambaya, kar ka sauya lokacin magani da kanka, idan ya hana ka azumi, ka sha, ka rama daga baya.

Sannan ka kula da harshenka a gida. Wannan ciwon yana kawo saurin fushi da kuka ba dalili da ƙuncin rai, daga ciwon ne, ba raunin imani bane, kuma likita na da abin da zai yi a kai in ka faɗa masa. Matar da tayi kwana 19 tana jinyarka kar ta zama ita ke shan faɗan, musamman kalmar saki, in ranka ya ɓaci ka tashi daga wurin. Kuma ka gaya wa mutanen gida, duk ranar da suka ga bakinka ya karkace, ko magana ta sarƙe, ko ciwon kai mai tsanani ya sauko maka lokaci ɗaya, kar a tsaya jiƙa rubutu, a kira 112 ko a sa ka a mota zuwa asibiti nan take.

Wallahu a'alam.