Kun Tambaya, Mun Amsa: Wai mene ne "riyal el" da Turawan Ingila ke zuzutawa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Ingila, 'yan ajinmu duk Juma'a da yamma sai su ce a je mashaya a tsakiyar gari a ɗanɗana riyal el, kullum sai na kawo uzuri na zille. Wani ya ce min wai ba kamar sauran giya ba ce, ta gargajiya ce. To ni dai na san jinja el lemo ne, shin ita ma haka take? Don Allah a fahimtar da ni.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. A'a wallahi, sunan ne kawai ya yi kama. Jinja el lemon citta ne, ita kuwa riyal el giya ce zalla, yawanci sinadarin sa maye a cikinta kashi 3.5 zuwa 4.5 ne cikin ɗari, wasu ma sun fi haka. Hukuncinta kuwa ai kai ma ka sani.

Abin da abokin naka yake nufi da gargajiya shi ne yadda ake sarrafa ta. Da tsiron sha'ir ake yinta da ruwa da yis da furen wani tsiro mai ɗaci da suke kira hof, amma ita ba a tace ta tas ba a kuma zafafa ta don kashe yis ɗin, da ransa ake ɗura ta a ganga sai ta ci gaba da tsimuwa a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na mashayar har ta nuna, ba a cusa mata gas kamar ta kwalba, shi ya sa za ka ga mai sayarwa yana jan wani dogon hannun famfo da ƙarfi, tsotso ta yake daga ƙasa. Ba ta da sanyin firji ma, digiri 11 zuwa 13 ake barinta. Gangar da aka fi amfani da ita galan 9 ce, kofi 72 ke nan na ma'aunin fayint mai mililita 568, in an buɗe kuma cikin kamar kwana uku sai a sayar ko ta yi tsami. Sunan ma ba tsoho ba ne, wata ƙungiya ce mai suna CAMRA da aka kafa a 1971 ta ƙirƙiro shi lokacin da manyan kamfanoni suka cika kasuwa da giya mai gas.

Ɗanɗanawar da suke cewa, kowace mashaya tana jera famfuna da dama kowanne daga kamfani daban, wata baƙa wata ja wata ruwan zuma, mutum ya ce a zuba masa kurɓi ɗaya kyauta kafin ya zaɓa, ko ya sayi rabin kofi ko kashi ɗaya bisa uku. Sai su zauna suna ta musu kan ɗaci da ƙamshi, kai ka ce wani babban ilimi ne.

Inda na fi so ka kula shi ne sunayen da ke yaudarar baƙo. Abin da suke kira saida (cider) a Ingila giyar tuffa ce, kar ka ɗauka jus ne. Shandi kuma giya ce aka sirka da lemo. Ko wadda aka rubuta mata ba ta da maye ka juya kwalbar ka duba lamba, wasu suna da sinadarin sa maye kashi 0.5 cikin ɗari.

Zillewar nan kuma ka daina ta, ka faɗa musu kai tsaye ba ka sha, galibinsu ba sa ja da hakan, ka ce a haɗu a shagon kofi wata rana. Kuma ka sani al'adarsu a mashaya sayen karɓa-karɓa ne, wannan ya saya wa kowa zagaye ɗaya wancan ya biyo, in ka zauna a teburinsu ko da ruwan lemo kake sha layi zai zo kanka ka saya musu giya da kuɗinka.