Busba ɗaya ko biyu a tashar 132kV?

Ɗan'uwa tambayarka ita ce a zanen tashar wutar lantarki ta 132kV da kake yi na furojet, busba (wato sandar ƙarfen da layukan wuta ke haɗuwa a kanta) ɗaya za ka sa ko biyu ko zobe (wato a haɗa layukan a zagaye). Gaskiya busba ɗaya arha ce kawai, amma ranar da fol (wato matsalar wuta irin haɗuwar wayoyi) ya faɗa kanta ko za a yi mata gyara, duk layukan da ke jikinta sai sun mutu gaba ɗaya, ka yi tunanin tasha irin ta Ɗan Agundi da ke Kano ta ɗauke a watan Afrilu ana tsakar zafi, masu ƙanƙara da masu walda duk sun tsaya. In dole ne sai ita, to ka raba ta biyu da bireka (wato makunnin da ke yanke wuta in an samu fol) a tsakiya.

Ni dai a 132kV busba biyu da bireka mai haɗa su nake ba da shawara, don za ka iya mayar da duk layuka kan ɗaya da aisoleta (wato makunnin da ke haɗa layi da busba ko ya raba su) ka gyara ɗayar wuta ba ta ɗauke ba. Matsalarta in birekan layi ya samu matsala, wannan layin dole ya tsaya.

Zobe yana da kyau in layukanka ba su wuce shida ba, ƙara masa layi daga baya wahala ne.

Bireka ɗaya da rabi kuma, wato bireka uku ga layi biyu a tsakanin busba biyu, ka bar shi wa manyan tashoshin 330kV irin girman ta Kumbotso, ko busba guda ta faɗi layuka na nan da wuta, amma kuɗinsa da filin da yake ci ba kaɗan ba ne.