Shahon Da Ke Farauta A Bakin Teku

Tambaya: Malam, ina sana'a a Banjul ta ƙasar Gambiya, kuma da hunturu nakan ga wani tsuntsu mai kama da shaho, bayansa ƙasa-ƙasa, cikinsa fari, yana faɗawa ruwa ya fito da kifi. Shin shaho ne, kuma zai iya ɗauke mini 'yan tsaki?

Amsa: Malam, kwantar da hankalinka game da 'yan tsakinka, domin wannan shaho, wanda masana ke kira Pandion haliaetus, kusan ba ya cin komai sai kifi mai rai. Idan tsako ya ɓace, shirwa ya kamata ka tuhuma.

Allah Ya ƙera jikinsa ne daidai da wannan sana'a. Yakan yi shawagi kamar mita 10 zuwa 40 sama da ruwa, ya tsaya cak yana kaɗa fukafukai har sai ya hango kifi, sannan ya sulmiyo da ƙafafu a gaba, hancinsa kuma ya rufe yayin da ya afka ciki. Nutsonsa ba ya wuce kimanin mita ɗaya, shi ya sa ya fi son mashigar kogi da wuraren da ruwa bai yi zurfi ba, inda kifi ke yawo kusa da sama. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne ƙafarsa: yatsansa na gefe yana juyawa baya, sai ya damƙi kifi da farata biyu gaba biyu baya, ga kuma ƙananan ƙayoyi a tafin ƙafar da ke hana santsi ya ƙwace masa ganima. Da ya tashi, sai ya juya kan kifin zuwa gaba don kada iska ta tare shi. Duk da haka ba kullum yake cin guminsa ba, domin gaggafar ruwa takan bi shi har ya saki kifin.

Dalilin da ya sa da hunturu kake ganinsa shi ne baƙo ne. A ƙasashen Turai kamar Sikotilan da Suwidin da Jamus yake ƙyanƙyasa, ya taso wajen watan Satumba, ya ƙetare Sahara zuwa gaɓar Senegal da Gambiya, ya koma wajen Maris. Ƙananansu kuwa sukan zauna a Afirka har kusan shekara biyu kafin su koma, don haka kana iya ganin ɗaya ko da damina.